LITTAFI MAI TSARKI BA LAYA BA NE

Yau maganar tamu ce ta cikin gida. Wanda ya ji zai yi fushi ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, in ya so sai ya sauko ƙasa ya faɗa mini son ransa.

Tun da muka shiga wannan hali na kashe-kashe da garkuwa da mutane da tsadar rayuwa, ba ranar da za ka buɗe Facebook ba ka tarar mun cika shi da kuka ba. Kukan kuwa yana kan hanya. Duk wanda ya san abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, ko abin da Kudancin Kaduna da Binuwai da Kudancin Borno suka sha shekara da shekaru, ba zai ce wa mai kuka ya yi shiru ba. Gwamnati tana da amsar da za ta bayar, kuma ba za mu daina tambayarta ba.

Amma akwai tambayar da mu ma ba ma so a yi mana. Wannan bangaskiya da muke cewa ana tsananta mana dominta, mun san abin da ke cikinta? Ɗan'uwa, yaushe rabonka da ka buɗe Littafi Mai Tsarki kai kaɗai, ba ranar Lahadi ba, ba don fasto ya ce a buɗe ba, ka karanta sura guda cur daga farko har ƙarshe? Kada ka ba ni amsa. Ka ba kanka.

Gaskiyar magana ita ce da yawanmu mun mai da Littafin nan laya. Yana ƙarƙashin matashi don kada a yi mugun mafarki. Yana gaban mota kusa da gilashi, rana ta ƙone bangonsa, don kada a yi haɗari. Yana kan tebur a falo a buɗe a Zabura 91 tun ranar da aka tare a gidan, har shafin ya koma ruwan ƙasa saboda ƙura, sauran shafukan kuwa fari fat kamar yau aka sayo. Muna yi wa masu ɗaura guru da kambu dariya, alhali abin da muke yi ke nan, namu dai yana da bangon fata da zif.

Kun san abin da ya fi ba ni mamaki? Wannan Zabura 91 ɗin da muke bari a buɗe, ita ce Shaiɗan ya jawo wa Yesu sa'ad da ya kai shi kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro. Ku duba Matiyu sura 4. Shaiɗan ma ya san aya, har ya san wadda za ta yi daɗin ji. Yesu ya kā da shi ne domin ya san sauran Littafin, ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a har sau uku. Wanda ya san aya ɗaya tak, da ita za a yaudare shi.

Ku tuna yadda Littafin nan ya zo hannunmu. Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, suka yi shekaru suna fama da fassara kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A Garkida kuwa, a ƙarƙashin itacen tsamiya aka yi sujadar farko a 1923, daga nan EYN ta samo tushe. Kakanninmu a Kagoro da Gindiri da Wusasa da Biliri da sauran wurare, yawancinsu manoma ne, Hausa ma ba harshen uwarsu ba ce ga da yawansu. Za su yini a gona, da dare su kewaye fitilar aci-balbal suna haɗa baƙi da wasali, don kawai su iya karanta Bishara da idonsu. Wasu an kore su daga gida saboda wannan karatun. Wasu an hana su mata. Littafi ɗaya sai ya zagaya ƙauye guda. Su ne suka ɗauki bishara a ƙafa da kan keke suka kai ta inda Bature bai taɓa takawa ba.

Mu jikokinsu fa? Muna da tsohuwar fassara, muna da ta 1979, muna da Sabon Rai Don Kowa, muna da na Turanci kala-kala, wasu kabilunmu ma sun sami nasu a harshensu. Duk suna cikin waya kyauta, har da wanda za ka danna ya karanta maka da murya kana tuƙa tuwo. Ba a taɓa yin zamanin da Maganar Allah ta yi araha kamar namu ba, kuma ina shakka ko an taɓa yin zamanin da aka yi banza da ita kamar namu.

Akwai labari a 2 Sarakuna sura 22 da ya kamata ya hana mu barci. A zamanin sarki Yosiya ana gyaran Haikali, sai babban firist Hilkiya ya tsinci Littafin Shari'a. Ku lura da kyau: tsintarsa aka yi. Ba abokan gaba ne suka ƙone shi ba, ba a kwashe shi ganima zuwa wata ƙasa ba. A cikin ɗakin Allah ya ɓace, firistoci suna nan, ana ta hidima, ana ta karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Da aka karanta wa sarki sai ya kece tufafinsa, domin ya gane sun daɗe suna addinin da mai addinin bai aike su ba. Anya ba mu ne wannan ba? Gine-gine sai ƙara tsawo suke, kayan kiɗa na miliyoyi, taron maza, taron mata, taron matasa, anko kowane wata, bikin godiya, ƙaddamar da wannan, ƙaddamar da wancan. Amma a kira nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, sai ka ga tsofaffi mata bakwai da mai gadi. A sanar cewa wani “bawan Allah” zai zo daga nesa ya karya asiri, tun la'asar babu wurin zama.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan jahilci namu shi ne jarin 'yan kasuwar addini. Mutum ya yi kwat mai walƙiya, ya ba kansa sunan annabi, ya zuba man zaitun a 'yar kwalba ya sa masa farashi, ya ce wa gwauruwa ta “shuka iri” da kuɗin makarantar 'ya'yanta. Ya ce wa matar aure uwar mijinta ce ta ɗaure mata mahaifa, gida ya watse. Ya nuna yarinya marainiya ya ce mayya ce, a kama duka. Mu kuma muna tafi muna “Amin!” Da mun karanta Ayyukan Manzanni sura 8, da mun ga abin da Bitrus ya faɗa wa Siman mai sihiri ranar da ya ciro kuɗi zai sayi baiwar Allah. Da mun karanta 2 Sarakuna sura 5, da mun ga Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga Na'aman bayan ya warke, Gehazi da ya bi shi a ɓoye ya karɓa kuma kuturta ya kwaso. Mutanen Biriya a sura 17 ta Ayyukan Manzanni, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, amma kullum sai sun koma sun bincika Littattafai su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi a kan hakan. Manzo Bulus ya yarda a auna maganarsa, wane ne wannan naka da ba a isa a yi masa tambaya ba?

To, karatun ma rabin magana ne. Akwai waɗanda suka haddace ayoyi kamar ruwa, in ana gardama a shafin wani su ne a gaba, amma ka ba su ajiyar kuɗi ka gani. Yakubu ya kwatanta irin wannan da mutumin da ya duba madubi, ya ga yadda fuskarsa take, ya juya ya manta. Sarki Saul ma ya dawo daga yaƙi da tumakin da aka ce kada ya bari, ya ce ai hadaya zai yi wa Allah da su. Sama'ila ya nuna masa cewa biyayya Allah yake nema kafin hadaya, kuma a kan wannan ya rasa sarauta. Mu ma mun iya wannan dabarar. A ci haram Litinin zuwa Asabar, ranar Lahadi a cire zakka a ciki a yi rawa a kai gaba.

Bari in sauko ƙasa, kada a ce ina magana a sama.

Mama 'yar Zumunta, ke da kike sayar da masara da wake a kasuwa: mudun da kike saye da shi da wanda kike sayarwa da shi ɗaya ne? Ko an bubbuge gindin ɗayan? Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, Amos sura 8 kuma ya yi wa masu rage mudu kashedi mai zafi. Ranar Talata kina gaba da tulu da kacau-kacau kina waƙa, ranar kasuwa kina zuba tsohon hatsi a ƙasa sabo a sama.

Baba dattijon ikilisiya da ke ofis: fayil ɗin ɗan fansho nawa ne ke kwance a teburinka yana jiran “na goro”? Ɗan'uwa mai kaki da ke tsaye a shingen hanya: sojoji da masu karɓar haraji sun je wurin Yahaya Maibaftisma sun tambaye shi abin da za su yi, a Luka sura 3. Bai ce su bar aiki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi da karɓar fiye da ƙa'ida, ya ce albashinsu ya ishe su. Wannan surar tana nan, ba a cire ta ba.

Madam da ta ɗauko 'yar aiki daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara uku yarinya tana wanke-wanke ba ta ga ƙofar aji ba: karanta Yakubu sura 5 ki ji inda kukan ɗan ƙodagon da aka danne wa haƙƙi yake kaiwa.

Iyaye da ke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyar da ake satar amsa a WAEC da NECO, sakamako ya fito a zo gaban ikilisiya a ba da shaida cewa Allah ya yi: wane Allah?

Matasa, zaɓe yana tafe. Za a sake zuwa da taliya da atamfa da 'yan dubbai a ambulan. Mu ne za mu karɓa, mu ne za mu dangwala wa wanda muka san ɓarawo ne don “namu ne”, mu ne kuma za mu dawo nan mu rubuta cewa Allah ya cece mu daga mugayen shugabanni.

Cikin ikilisiya kanta fa? A zo zaɓen shugaban gunduma ko sakatare, sai ka ji ana ƙus-ƙus: wane yare ne, daga wace ƙaramar hukuma, ai lokacinmu ne. A tura fasto wani wuri a ƙi karɓarsa don ba ɗan ƙasa ba ne. Har kotu muna kai juna a kan kujera da fili, alhali 1 Korantiyawa sura 6 ta kira wannan abin kunya. Muna kuka cewa ana nuna mana bambanci a ƙasa, mu kuma muna yi wa junanmu a gaban bagadi.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, bari in amsa tun yanzu.

Na farko zai ce: “Ana kashe mu, kai kana maganar karatu?” Ɗan'uwa, ban ce ka kwanta a yanka ka ba. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana suna gini. Tsare ƙauye da neman haƙƙi da matsa wa hukuma duk suna da wurinsu. Amma mutumin da bai san Maganar ba, ranar da wuta ta tashi ba ya bambance tsaron kai da ramuwar gayya. Shi ne zai tare hanya ya sauke matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ko rigarsa. Shi ne zai je wurin boka ya sha maganin bindiga da gicciye a wuyansa. Romawa sura 12 ta ce a bar wa Allah ramuwa, kuma ba a lokacin zaman lafiya aka rubuta ta ba. Ku tuna Leah Sharibu, yarinyar da aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018, aka sako sauran aka riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta. Ku tuna Rabaran Lawan Andimi na Michika, yadda ya yi magana a natse a bidiyon da masu garkuwa da shi suka ɗauka, yana miƙa kome ga Allah, kafin su kashe shi a Janairun 2020. Irin wannan tsayuwar ba a sayo ta a kwalba. Abin da aka daɗe ana zubawa a zuciya ne yake fitowa ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu zai ce ba lokaci. Haba! Wayarka tana da wurin da take nuna awa nawa ka yi a kanta yau, buɗe ka duba. Kana da minti 90 na Arsenal da Chelsea, har da ƙarin lokaci da gardamar bayan wasa. Kina da lokacin fim ɗin Indiya mai fassara kashi sama da ɗari. Littafin Markus sura 16 ne kacal. Yakubu sura 5. Sabon Alkawari gaba ɗaya sura 260 ne, in kana karanta ɗaya a rana ba ka cika wata tara ba ka gama. Littafin duka, littattafai 66, sura 1,189 ne: uku zuwa huɗu a rana, shekara guda ka sauke.

Na uku zai ce bai yi makaranta ba, ko idonsa ya yi rauni. Wannan uzuri ne na gaske, amma yana da magani. A zamanin Ezra, a Nehemiya sura 8, karantawa aka yi da ƙarfi tun safe har tsakar rana, jama'a suna ji, Lawiyawa suna bayyana musu ma'ana. Jikanka ɗan firamare zai iya karanta maka. Waya za ta iya karanta maka da Hausa. Ikilisiyoyinmu kuma su dawo da ajin yaƙi da jahilci da aka san mu da shi tun farko, ya fi wani sabon fenti amfani.

Na huɗu zai ce ai aikin fasto ne, shi aka biya ya je makarantar tauhidi. Fasto yana ganinka awa biyu ko uku a mako. Sauran awoyin fa? Ba ya tare da kai a shago, ba ya ɗakinka da tsakar dare kana riƙe da waya. Wanda yake cin abinci ranar Lahadi kaɗai, kowa ya san yadda zai kasance ranar Alhamis. Ku kuma fastocinmu, da girmamawa nake faɗa, ku rage wa'azin gini da na baiko, ku ɗauki littafi guda ku bi shi da mu sura bayan sura. Makiyayin da yake tsoron tumakinsa su san Littafi, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi a kan wannan, ba don gasa ba. Yaro ya dawo daga boko, ya ci abinci, ya ɗauki jaka sai Islamiyya, kusan kowace rana. Da asuba kana jin karatu daga gidaje. Namu yaran awa ɗaya ta makarantar Lahadi, ita ma rabinta waƙa da rabon biskit. Sannan mu yi mamaki in yaro ya je jami'a wani ya yi masa tambaya biyu ya rikice. Maimaitawar Shari'a sura 6 iyaye ta ɗora wa wannan kaya, a gida, a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Gobe da safe, kafin ka kunna data, ka buɗe Markus sura 1. Ka karanta a hankali. Ka tambayi kanka abu biyu: me wannan ya nuna mini game da Allah, me kuma zan yi ko zan bari yau saboda shi? Sai ka tashi ka yi shi. In bashi ne ka je ka biya, ko ka je ka ba da haƙuri ka sa rana. In gaba ce kake yi da ɗan'uwanka tun rabon gado, ka kira shi. In mudu ne, ki canja shi. Da dare maigida ya tara iyali minti goma sha biyar, a kashe talabijin, yara su karanta bi da bi, a yi addu'a. Mai Abincin Yini ya yi amfani da shi, amma kada ya tsaya a bayanin ya tsallake nassin. In ka sami mutum biyu ko uku a unguwa ko wurin aiki, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako kuna tambayar juna abin da kuka karanta da abin da kuka aikata. In ka fāɗi kwana biyu, ka tashi ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Yesu ya rufe wa'azinsa na kan dutse da magina biyu. Dukansu sun ji maganarsa, dukansu sun yi gini, ruwa da iska iri ɗaya suka bugi gidajensu. Ɗaya ya aikata abin da ya ji, ɗaya bai aikata ba, nan kaɗai suka rabu. Ruwan nan kuwa ya riga ya sauko a ƙasarmu, kowa yana ji a jikinsa.

Kada ka rubuta mini “Amin” ka wuce. Na gaji da Amin ɗin da ba ya biyan bashi. In ka yarda da maganar, rubuta littafin da za ka fara da shi gobe, bayan mako guda ka dawo nan ka gaya mana abu ɗaya da ka gyara. In kuma ba ka yarda ba, bismilla, fili naka ne, amma ka zo da sura da aya.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da ƙarfin aikatawa.